Sau Biyu Ka Busa Kiran Nan, Falih

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma. A ranar Talata, goma sha biyu ga watan Agusta, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Ustaz Falih Mohan, Abu Sajjad, marubucin kiɗa kuma jagoran 'yar ƙungiyarmu ta makaɗa a Basra. Ya cika a cikin kwalekwale, a tsakiyar hayaƙin gobarar fadama, kusa da ƙauyen da aka haife shi, ƙahonsa na tagulla a kan cinyarsa. Washegari muka ɗaure akwatin gawarsa a saman mota muka kai shi maƙabartar Najaf.

Ni ne Nuri, wanda ya yi kusan shekara talatin yana buga masa tambura. Na karanta abin da jaridu suka rubuta, wai ya rasu yana yi wa muhalli kiɗa. Wanda ya rubuta haka bai taɓa jin ƙaurin naman dabbar da ke ƙonewa da ranta ba. Ina bakin ruwan a ranar, don haka zan faɗi abin da na sani, kuma da shi kansa zan yi maganar, kamar yadda muka saba.

Falih, a barikin soja na fara ganinka, a rukunin masu badujala. Soja ne suka datse ruwan fadamarku kana yaro, suka yi wa ƙauyenku ruwan wuta, suka cinna wa kyauro wuta har sai da ƙasa ta koma toka. Sojan ne kuma daga baya suka kama ka suka sa maka kaki, suka miƙa maka ƙaho don sun ga ƙirjinka da faɗi. 'Yan Bagadaza da ke cikinmu suna kiranka ɗan ɓauna, don kiwon ɓauna ne sana'ar mutanenku na fadama. Ka haƙura mako guda, sannan ka ɗaga akwatin ƙahon ka rotsa wa mafi girman bakinsu kai. An ɗaure mu tare a rana, kai don ka yi dukan, ni don na yi dariya. A nan ka juyo ka ce mini, "Kai mai ganga, idan aka sake mu ka koya mini karanta waɗannan ƙudajen da ke kan takarda." Rubutun kiɗa kake nufi. Ban yi wata shida ina koya maka ba ka wuce ni, ka shiga makarantar kiɗa, ka dawo kana rubuta abin da ni malaminka sai na yi gumi kafin in buga.

Ba ka da sauƙin zama, kuma ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Ka karya sandar jagora a kan teburi ba sau ɗaya ba. Ka sa wata mai goge ta fita daga gwaji tana kuka, ka bi ta har bakin titi ba takalmi kana ba ta haƙuri. Amma shekarar da ruwan famfon Basra ya koma guba, asibitoci suka cika har tsakar gida, 'yata ta kwanta ana ƙara mata ruwa a kan tabarma. Kai ne ka riƙe jakar ruwan da hannunka yini guda don babu abin rataya ta. Kullum ka je ƙauye ka dawo mana da gaimar, kirim ɗin madarar ɓauna, a cikin kwano lulluɓe da ƙyalle, ka hana a fara gwaji sai kowa ya lasa da burodi da shayi. Yaran unguwarku da ka koya wa busa ba ka taɓa tambayar iyayensu komai ba.

Da aka fasa madatsun da soja suka yi ruwa ya dawo, mahaifiyarku Nashmiya ta koma ƙauye tare da yayanka Casib, suka sake tara garke daga 'yan ɓaunaye kaɗan. Ɓaunayen ba sa bukatar makiyayi. Da safe su faɗa ruwa su nufi cikin kyauro, da faɗuwar rana su dawo. A ƙauyenku kowane gida da kiransa, kuma dabba ba ta amsa kiran wani gida ko da za a yanka ta. Na mahaifiyarku na ji shi da kunnena kafin ta rasu. Takan tsaya a bakin tudu ta ɗora hannu a kunne, ta ja murya sama, ta karya ta sau biyu, ta sake ta ƙasa a hankali. Can sai ka ga baƙaƙen kawuna suna keto ruwa, a gabansu wata mai farin tabo a goshi da take kira Najma. Bayan rasuwarta Casib ya ci gaba da kiran da muryarsa ta namiji, suna amsawa, amma ba da gudu ba.

Sai ruwan ya sake tafiya, wannan karon ba da bindiga ba. Koguna suka ƙanƙance daga sama, ruwan teku ya hauro daga ƙasa. Ka ɗauke ni muka je ƙauyenku. Kifi ya mutu ya taru a bakin gaɓa har ƙafa na nutsewa a cikinsa, ga wari mai shiga maƙogwaro. Ɓaunaye sun sha ruwan gishiri idanunsu sun yi fari, fatarsu ta tsattsage ƙudaje na bin jinin. Muna tsaye wata mai ciki ta durƙusa ta kasa tashi. Casib ya danne wuyanta da gwiwa ya yanka ta kafin ta zama mushe, jinin ya yi tsartuwa har kan wandonka. Ɗan da ke cikinta ya yi ta motsi bayan ta daina. Da jinin a wandonka muka iso Basra.

Daga wannan tafiyar ka rubuta kiɗan da ka sa wa suna Gishiri. Ban taɓa wahala a kan wani kiɗa kamar shi ba. Ka sa masu goge su danna sanda a kan tsirkiya har ta riƙa kukan ƙarfe. Ka sa masu manyan goge su sassauta tsirkiyarsu ta koma nishi. Ka zuba gishiri a kan fatar tamburana, ka kawo katakon mataccen kwalekwale ka ce in riƙa dukansa da dutse. Na ce maka, "Abu Sajjad, wannan kiɗa ne ko rushe gida?" Ka ce, "Ka taɓa jin an yanka uwa a hankali? Buga, Nuri, hannunka kamar na amarya." Na buga har fatar tafina ta saɓule. A ƙarshen duk wannan hargowar komai yana tsayawa cak, sai ƙaho shi kaɗai. Da ka fara busa mana wurin a gwaji nan take na gane shi, kiran Nashmiya ne, babu ragi babu ƙari.

Ka rantse ba za a fara buga shi a zauren birni ba, sai a kan busasshiyar fadamar ƙauyenku, a gaban mutanen da abin ya shafa. Ka kuma hana mu gaya wa Casib abin da ke ƙarshen. Kana so ya ji muryar mahaifiyarku ba zato, ka ce kyautarka ce gare shi. Lokacin da za a buga kuwa mu makaɗa ne muka zaɓe shi, da hujja irin tamu. Rana tana narkar da danƙon da ke riƙe goge, tana tsinka tsirkiya, don haka babu mai fito da kayansa sai ta yi sanyi. Muka tsayar da faɗuwar rana, kowa ya yaba da dabarar. Babu wanda ya tuna cewa lokacin kiran ke nan. Kai da ya kamata ka tuna, ka daɗe a birni, ka ɗauka ƙaho daban murya daban.

Shekara uku ke nan, amma ina ganin wurin yanzu. Mun jera kujeru a kan ƙasar da ta dare, mu da baƙaƙen kwat, mutanen ƙauye a zaune a kan tabarmi, Casib a sahun gaba da sabon ƙyalle a kansa. Garken yana can nesa a ɗan tafkin da ya rage. Tun da ruwa ya janye Casib yake zagayo da su ta kan tudu, domin tsohuwar hanyarsu ta miƙe ta bushe daga sama ne kawai, ƙarƙashinta taɓo ne mai haɗiye mutum. Muka buga, tsofaffi suna girgiza kai, wasu mata suna dukan ƙirji. Na sauke dutsena na ƙarshe, ka ajiye sanda ka ɗauki ƙaho. Kiran ya tashi ya ratsa filin nan da babu ko kara ɗaya da zai tare shi. Na ga Casib ya rufe fuska da hannu. Sai kuma na ga ya sauke hannun ya miƙe tsaye.

Ƙasa ce ta fara rawa a ƙarƙashin tamburana. Suka taho a guje ta tsohuwar hanya, Najma a gaba, kai a sama, kamar shekarun nan ba su wuce ba. Casib yana gudu yana ihu yana kaɗa ƙyallensa, amma wa zai ji shi? Ɓawon ƙasar ya fashe. Na gaba suka zurma har ƙirji, na baya suka hau kansu. Mun ji ƙarar karyewar ƙafafu daga inda muke. Ƙahon wata ya shige cikin 'yar'uwarta, hanji ya zubo a kan taɓo. Suna ɓarke baki suna kuka, gishiri da laka na shiga hancinsu. Muka watsar da kayan kiɗa muka shiga da igiya, mu da mutanen ƙauye, muna ja muna faɗuwa. Najma da wasu mun ciro su. Waɗanda suka karye kuwa, Casib ya bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin laka har ƙugu, yana kiran sunan kowace kafin ya sa mata wuƙa. Kusan rabin garken ya tafi kafin hasken rana ya ƙare.

Ya fito jini har gemu. Ka tare shi ka ce, "Yaya." Iyakar abin da ka samu faɗi ke nan. Ya naɗe igiya a hannu ya kai maka naushi a baki. Leɓenka ya rabe biyu, haƙorinka na gaba ya faɗi ƙasa. Ya ce, "Uwarmu ta bar mini dabbobi ta bar maka murya, ka zo ka kashe nawa da naka a gaban baƙi. Tafi ka yi musu rawa a birni. Idan na sake ganin inuwarka a tudun nan, wallahi da kai zan cike ramin." Ba ka ɗaga hannu ba. Ka sunkuya ka ɗauki haƙorin ka sa a aljihu.

Duk mai busa ya san abin da ake nufi da tsagaggen leɓe. An ɗinke shi, amma ka kulle ƙahon a akwati ka ɗora a kan kabad. Gishiri kuwa ya yi tafiya. An buga shi a Bagadaza, an buga shi a ƙasashen waje, kuma ko'ina idan aka zo wurin kiran sai ka sauke hannu mu yi shiru tsawon lokacin da kiran zai ci. Masana suka yi ta rubutu a kan shirun nan, wai hikima ce, wai muryar ruwan da ya tafi ce. Wani mai gemu da gilashi ya riƙe hannunka yana cewa bai taɓa jin shiru mai zurfi irin wannan ba. Na so in kwaɗa masa dutsen nan nawa. Kai kuwa ka yi masa godiya, ka shiga bayan fage ka zauna kana kallon bango. Abin da kake so a duniya ɗaya ne, yayanka ya sake kiranka ƙanensa, kuma duk tafin da aka yi maka bai matso da kai ko taku ɗaya ba. Ka aika dattawa ya mayar da su. Ka aika abincin dabbobi a mota ya sa aka juye shi a kan titi.

Bara rikici ya ɓarke tsakanin ƙauyenku da na sama da ku a kan wata 'yar mashigar ruwa da ba ta kai faɗin tabarma ba. Mutanen da suka yi aure a junansu suka fito da bindigogi, aka kashe samari a ɓangarorin biyu. Harsashi ya shiga wuyan Casib ya fita. Ya rayu, amma murya ta tafi, sai raɗa. Ka je asibiti ka ba da jininka, aka ƙara masa bai sani ba. Da ya farka ya gan ka a bakin gado sai ya juya fuska bango. Ka fito ka ce mini, "To, ko ba komai jinina ya shiga gidan." Ka yi dariya, ni ban yi ba.

Ranar Talatar nan muna tsakiyar gwaji wayarka ta yi ƙara. Ummu Karrar ce, matar Casib, ina jin muryarta daga inda nake. "Abu Sajjad, wuta ta kama kyauro, dabbobin suna ciki. Na yi kira har maƙogwarona ya fashe, ba sa ji. Yayanka zai shiga da ƙafa, na riƙe rigarsa. Bai ce in kira ka ba, ni ce na kira." Ba ka sallami kowa ba. Muka biya gida ka sauko da akwatin daga kan kabad, na ja mota. A hanya ka fito da bakin ƙahon kana gwada shi a leɓenka, iska kawai ke fita. Na ce, "Ciwon zuciyarka fa, likita ya hana ka ko hawan bene." Ka ce, "Likitan yana da ɓauna? Taka mota."

Tun daga nesa sama ta yi baƙi. Busasshen kyauro yana ci yana fashewa kamar ana harbi, tsuntsaye na faɗowa a ƙone, zafin yana dukan fuska tun daga kan tudu. Casib yana bakin ruwa, idanunsa jajur. Ya dube ka, ya dubi akwatin. Ka ce, "Yaya, ni ban san ƙasar nan ba yanzu. Nuna mini inda zan tsaya su biyo ruwa." Casib ya tura kwalekwale ya ɗauki sandar tuƙi, ya nuna maka gaba da haɓa. Na sa ƙafa zan shiga ka ture ni. "Ganga ba ta da aiki a nan," ka ce. Maganarka ta ƙarshe gare ni ke nan, kuma ban yafe maka ita ba tukuna.

Hayaƙi ya haɗiye ku. Na fara jin wani abu kamar kukan jaki, busar mutumin da leɓensa ya mutu. Ka sake, ta karye. A ta uku kiran ya fito. Ba shi da kyau irin na da, yana rawa, yana tsagewa a sama, amma shi ne, ya hau ya karye sau biyu ya sauko. Ka yi ta maimaitawa. Can sai ga farin tabo ya ɓullo daga hayaƙi a cikin mashigar ruwa. Najma ce, gadon bayanta ya saɓule ja, kunnenta ɗaya babu. A bayanta wasu, wata gashin wuyanta na ci da wuta har ta nutsa, wata ta makance tana bin 'yar'uwarta da hanci. Suka hau tudu suna tururi suna faɗuwa. Ummu Karrar tana taɓa kowace tana kiran sunanta. Ba duka suka fito ba. Muna jin kukan waɗanda wuta ta rutsa da su, kuma na san kai ma kana ji, shi ya sa ba ka daina ba. Mun yi ta ƙwala maka kira ka dawo haka nan. Kiran ya sake hawa sama, ya karye sau ɗaya, bai sauko ba.

Casib ya fito da kwalekwalen, girarsa ta ƙone, tafin hannunsa ya manne da sanda. Kana zaune ka jingina da ƙafafunsa. Leɓen ya sake rabewa a tsohon wurin, jini ya cika bakin ƙahon ya gangaro kan rigarka. Ya hana kowa taɓa ka. Shi ya ɗauke ka ya hau tudun da ya rantse ba za ka sake takawa ba, ya kwantar da kai a zauren baƙi, ya wanke maka fuska da ƙyallen kansa.

A rana ta uku ta zaman makoki, bayan an zagaya da gahawa mai ɗaci, ya zo ya zauna kusa da ni a cikin rumfa. Hannayensa a naɗe da bandeji, ya ajiye mini ƙahon a cinya, ya yi baƙi da hayaƙi. Sai da na kai kunnena bakinsa kafin in ji. "Nuri, an ce akwai wurin da kuke yin shiru a kiɗan ƙanena." Na ce akwai, Abu Karrar. Ya ce, "Ku daina. A busa." Ya yi tari, ya riƙe wuyansa, ya ƙara da cewa, "Amma ku rufe ƙofa da tagogi." Ka ji abin da ya kira ka, Falih? Na so a ce kana nan.

Ya Allah, ga bawanKa Falih ɗan Nashmiya ya zo maka da ƙishirwa. Ka gafarta masa zafin ransa da kuskurensa, Ka karɓi abin da ya yi a ranarsa ta ƙarshe, Ka yi masa rahamar da ya yi wa dabbobin da ba su da baki. Ka nisanta shi da wuta, ya ga wadda ta ishe shi. Ka sanyaya kabarinsa, Ka shayar da shi ruwan da babu gishiri a cikinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Ummu Sajjad, da 'ya'yansa Sajjad da Batul, da Ummu Karrar wadda ta yi abin da dattawa suka kasa, da 'yan'uwana makaɗa, da mutanen fadama baki ɗaya. Ga Casib kuwa ba ni da kalmar da ta isa, Allah Ya ba shi haƙurin da ya fi nawa.

Ranar arba'in ɗinka za mu buga Gishiri a zaurenmu na Basra, daga farko har ƙarshe, ba tare da shirun nan ba. Na ba da ƙahon a gyara, amma na hana a goge baƙin. Casib ya ce zai zo. Ni da kaina zan rufe ƙofofin.